Launin Ƙofa

Da asuba yumɓun roba taurin kai gare shi.
Sai in sa shi a hammata ya sha ɗumi,
in tsaya bakin taga ina kallon Valparaíso
tana gangara wa teku da gidajenta,
wannan ja, wancan ruwan ƙwai,
kamar shanyar da aka manta a kan tudu.

Injin taliyar uwata ne abokin aikina.
Shekara talatin yana ciyar da mu,
yanzu shuɗi yake ci, ya amayo shuɗi,
falle bayan falle,
har ya yi laushin kunnen jariri.

Ba a zana gida a wannan sana'a,
gina shi ake, a kwance, cikin sanda.
Dogon shuɗi ya zama bango,
siririn ruwan toka kwanon rufi,
rawaya a tsakiya, ƙofa ke nan,
sai baƙin zare guda:
kyanwar Nibaldo a bakin taga.
In naɗe duka da fari, in kama matsa.

Matsin nan shi ne aikin.
Sanda mai kaurin damtse,
in murza, in ja, in huta, in ja,
har ta koma kaurin ɗan yatsa.
Daga waje ba ka ganin komai.
Sai reza ta sauka:
ga gida kamar ƙwayar wake, ko taga bai rasa ba.
In sake yankawa, ga shi.
In sake, ga shi.
Gidan da wuta ta lashe a dare ɗaya,
arba'in nake fitarwa kafin shayina ya huce.

Sannan tanda.
Ni da na rantse ba ni ba wuta,
ga ni ina auna ta da ma'auni,
rabin awa, zaune gaban gilashi kamar mai jinya.
Wannan wutar ba ta cin gida,
ƙarfi take ba shi.
In goge da ruwa, in huda da allura,
in rataya a ƙugiya, biyu-biyu.
Wani lokaci zanen yatsana ya gasu a bango;
shi ba na gogewa.

Ina kasa su a gindin matakala,
inda baƙin jirgin ruwa ke tsayawa su yi haki.
Gidana ya je garuruwan da ban iya faɗin sunansu ba,
yana lilo a kunnen matan da ba su san hayaƙinsa ba.

Ranar Laraba sai ga Doña Herminia,
da sandarta, da jakar albasa.
Shekara ashirin da shida muna fuskantar juna,
titi ɗaya ne tsakaninmu, shi ma siriri.
Ta ɗauki ɗaya ta kai dab da ido.
"Eulalia, ai naku ne! Ga ma kyanwar."
Ta juya shi, ta yi jim.
"Amma ƙofarku kore ce, 'yar nan.
Rawayar tawa ce."

Na buɗe baki in musa, ban sami abin musu ba.
Wanda ke cikin gida
ƙofar maƙwabci yake gani.
Tawa bayana nake ba ta kowace safiya,
in dawo da dare, hannu ya san makulli,
ido bai taɓa tambaya ba.

Ɗari nawa na sayar a haka?
Abin da ya gasu ba ya komawa ɗanye.

Daren nan na cuɗa shuɗi da rawaya,
kore ya fito, kore sosai.
Na riƙe shi har ya yi zafi a tafina,
ban gane shi ba.
Na jefa shi kwalbar ragowa,
inda launuka ke haɗuwa su zama laka.

Ita kuwa ta ƙi karɓa kyauta.
Albasa uku ta ajiye mini a kan tebur,
ta sa hannu tana laluben hujin kunnenta
da ya kusa toshewa.
Na bi ta da kallo tana hawa, taka ɗaya, hutu ɗaya,
ƙofarta a jikin bangona,
suna lilo tare.